Safiyar Litinin a Shagon Aski

Shekara goma sha takwas Mai Aski ya yi yana sana'arsa, babu irin kan da bai taɓa ba, amma kan ɗan cikinsa ya gagare shi. Auta shekararsa huɗu. Da injin aski ya yi ƙara sai ya toshe kunnuwa, ya zube ƙasa yana kururuwa har maƙwabta su leƙo. Maganarsa ba ta wuce kalma biyu, ko an kira shi ba ya waiwayowa, wuni yake yi yana jera marafan kwalba a bakin taga.

Kakar yaron ta ce sangarta ce kawai. "A danne shi a yi masa mana. Ku ba haka muka yi muku ba?"

Sau ɗaya Mai Aski ya gwada. Kwana uku Auta bai yarda ya zauna kusa da shi ba. Daga nan ya rantse ba zai ƙara ba.

Matarsa ce ta nace suka je asibiti. Likitar yara ta tura su wata cibiya mai ɗaki biyu a bayan asibitin. Bayan an yi ta gwaje-gwaje, malamar cibiyar ta zaunar da su.

"Sunan abin otizim," in ji ta. "Ba hauka ba ne, ba kuma rashin tarbiyya ba. Injin nan da kai ba ka ma jin ƙararsa, shi a kunnensa kamar injin niƙa yake."

"To, maganin fa, Malama?"

"Babu allurar da ke cire shi. Koyo ne, shi ya koya, ku ma ku koya."

Mai Aski ya koya kuwa. Ya ajiye inji, ya ɗauko almakashi. Mako uku yana barin Auta ya riƙe mataji, ya shafa almakashin, ya kalli yadda ake yi wa yayansa. Ranar da abin ya yiwu, yaron na zaune a ƙasa yana jera marafansa, uban kuwa ya yi rub da ciki a bayansa, yana yankan gashin kaɗan-kaɗan. Minti hamsin suka ɗauka. Gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo.

"Wallahi ban taɓa yin mummunan aski irin wannan ba," ya ce, idonsa cike da ƙwalla. "Maman Auta, yi sauri ki ɗauke mu hoto."

A taron iyaye na cibiyar, Maman Auta ta nuna hoton. Kafin a tashi mata biyar sun tambaye ta inda shagon yake.

Sai Mai Aski ya ware wa 'ya'yansu safiyar Litinin. A kashe rediyo, a jefa inji a durowa, ba a fesa turare. Kujerar askin ma wanda ya so ya hau. A jikin madubi ya manna takarda mai lambar cibiyar da ranakun taro. Bencin da aka saba gardamar ƙwallo a kai ya koma wurin da iyaye ke faɗa wa juna makarantar da ke karɓar 'ya'yansu, da inda ake samun mai koyar da magana.

Wata Litinin wani dogon mutum cikin kayan 'yan sanda ya tsaya a bakin ƙofa yana ta juya makullin mota.

"An ce a nan ne ake..." Bai ƙarasa ba.

"A nan ne, yallaɓai. Ina mutumin?"

"Ya ƙi fitowa daga mota. Shekararsa bakwai. Ko a wurin aiki ban taɓa faɗa wa kowa ba."

Mai Aski ya zura almakashi da mataji a aljihu. "To, mu je mu same shi."

A kujerar baya ya zauna. Ya miƙa wa yaron mataji, bai taɓa shi ba sai da yaron ya gama kaɗa hannuwansa, ya kuma gama juya matajin son ransa. Ranar rabin kai kawai aka yi, suka bar sauran sai mako mai zuwa.

Da suka koma shago, ɗan sandan ya tsaya gaban madubi yana kwafe lambar. Wata uwa ta matsa masa wuri a benci.

"Zauna, Baban yaro," ta ce. "Yana cin abinci sosai? Nawa sai da muka sha fama."

Mutumin ya cire hularsa ya zauna. Mai Aski ya kakkaɓe rigarsa, ya tsuguna gaban yaron da ke biye a layi, ya miƙa masa mataji.