Mabuɗi na Biyu

Wanda ya gina madatsar ruwan nan bai yarda da ɗan Adam ba, ni kuma ban ga laifinsa ba. Mabuɗi biyu ya sa wa ƙofar sakin ruwa, kowanne da raminsa a bango daban, yadda duk tsawon hannun mutum ba zai murɗa su shi kaɗai ba. Ɗaya na wurin manaja. Ɗayan yana rataye a wuyan mai tsaron ƙofar, wanda ake kira Dattijo tun yana ɗan shekara talatin, don ba ya musu da kowa.

Rashin musun nan ne ya ci mijin yayarsa. Doka ta ce a busa jiniya, a jira awa guda mutanen gangare su bar bakin kogi, sannan a saki ruwa. Shekara huɗu da suka wuce tafki ya cika yana barazana ga otal ɗin manaja, manaja ya ce babu lokacin jiniya. Dattijo ya murɗa. Mutum bakwai ruwa ya tafi da su.

A wurin jana'iza kowa na cewa nufin Allah ne, shi ma yana gyaɗa kai. Yayarsa ce ta tsare fasto a ƙofar coci, ta ce ya faɗa mata abin da ya hana Ubangiji riƙe ruwan. Fasto ya ce ko haramtaccen itacen nan na tsakiyar gona Allah bai kewaye shi da shinge ba. Ya ba mutum hannu, ya bar masa zaɓi, abin da hannu ya aikata kuwa mai hannun za a tambaya. Dattijo na tsaye a bayansu riƙe da jakarta. Har yau ba ta san shi ya murɗa ba.

Yau da hantsi ruwan tafki ya sake kai jan layin haɗari, yana lasar katangar otal. Manaja ya shigo da jiƙaƙƙen takalmi, ya zura nasa mabuɗin, ya tsaya jira. Ta taga Dattijo ya hango mata suna wanki a kan duwatsun gangare. Ya gane jan bahon yayarsa.

"Murɗa mana, Dattijo. Ni na ba da umarni, laifin a wuyana."

"Haka ka ce wancan karon, yallaɓai. Amma hannuna ne ya murɗa, ba bakinka ba."

Manaja bai ɗaga murya ba, abin da ya fi ba Dattijo tsoro ke nan. Waya kawai ya ciro, ya kira mai aikin yamma, wanda ke ajiye da mabuɗin ko-ta-kwana, ya ce ya zo yanzu. Mutumin kirki ne, ɗan ƙungiyar mawaƙan coci, amma shi ma ba ya musu.

Dattijo ya fita da gudu ya danna jiniya. Shiru. An datse wayarta tsaf, ga filayar ma a ajiye a gefe.

Ya haye kan katangar madatsar, yana kiran sunan Yesu, yana kaɗa hannu biyu, yana ihu su tashi. Ƙugin ruwa ya haɗiye muryarsa. A bayansa ya ji babur ɗin mai aikin yamma ya tsaya, an kashe inji.

Can ƙasa yayarsa ta ɗago kai, ta gane ƙanenta. Ta ɗaga masa hannu cike da kumfa, ta sunkuya ta ci gaba da wankinta.