Benci a Shagon Cyprian

Malam Abdulmuminu ya fi shekara ashirin yana dillancin gyaɗa a Fagge. In kaka ta yi, manoma kan sauka a zaurensa da jakunansu, ya ba su tuwo da wurin kwana, kashegari ya raka su kantunan bakin Sabon Gari inda ake awo. Shi ke magana da malamin sikeli, shi ke juyowa ya gaya wa manomi abin da gyaɗarsa ta yi. Abin da ya faɗa shi ne farashi, don ba wanda ya san wani.

A 1955 aka ɗauki ɗansa na fari, Isyaku, aiki a gidan rediyo na Kaduna. Ana gobe zai tafi ya bayyana wa uban aikin: zai riƙa karanta farashin da hukuma ta tsayar, da bayanin yadda manoma za su haɗa ƙungiya su kai kayansu da kansu.

"Wato abincin gidan nan za ka je ka zubar," in ji Malam.

"Baba, masu danne sikeli ake nufi, ba kai ba."

"Manomin da ya san farashi, me zai yi da dillali? Je ka. Amma kada in ga takardarka."

Isyaku ya ɗauki maganar da gaske. Wata biyar shiru.

Wata Laraba bayan la'asar Malam yana ratsa Sabon Gari, sai ya ji muryar Isyaku ta fito daga shagon wani tela, Cyprian, wanda ya kafa akwatin rediyo a bango. Ƙafarsa ta ƙi gaba. Yaron yana jan "jama'a" ɗin nan nasa kamar yadda yake ja tun yana ƙarami in ana wasa a ƙofar gida. Malam ya tsaya cikin rana har aka gama.

Laraba ta gaba ya zo da riga, wai a gyara wuya. Ta bayanta ya kawo wando. A ta huɗu da ya sake kawo rigar, Cyprian ya juya ta ciki da baya, ya miƙa masa.

"Baba, rigar nan lafiya ƙalau take. Ga benci, ka zauna. Waye naka a cikin akwatin?"

"Wani yaro ne na unguwarmu."

Cyprian bai ƙara tambaya ba. Amma daga ranar, in muryar ta fara, sai ya ɗauke ƙafa daga keken ɗinki.

Da kaka ta zo, zaure ya yi sanyi. Baffa, wani manomi daga wajen Gezawa da ya shekara goma sha biyu yana sauka gidan, ya zo hannu rabbana, gaisuwa kawai.

"Malam, ka yafe mu. Dagacinmu ya sayi rediyo mai batir, duk Laraba muna taruwa. Mu arba'in muka haɗu muka ɗauki mota. Da malamin sikeli ya faɗi nasa farashin, muka faɗi namu, dole ya biya. Yaron nan mai karantawa, Allah ya yi wa iyayensa albarka."

Malam ya dubi tabarmin da ke naɗe a jikin bango, babu mai kwana a kansu. Ya nemi fushinsa ya rasa inda ya ajiye shi.

"Amin," ya ce. Can ya ƙara, "Na gidan nan ne."

Matarsa Ummakulsum ba ta fita, don haka shi ne kunnenta. Duk Laraba takan jira shi a bakin murhu.

"Malam, ya rame?"

"Ta ina zan ga rama a murya?"

"Kai dai ka sani."

Ran nan ya dawo ya zauna bai cire takalmi ba. "Mura yake yi. Sau biyu ya tsaya ya gyara murya."

Laraba ta gaba wata murya ce daban ta karanta farashin. Ta bayanta ma haka. Malam ya kasa cin abinci. Cyprian ya ce yana da ƙane, Celestine, mai aiki a jirgin ƙasa, zai iya tambayowa. Malam ya girgiza kai. "Ya nema mini wurin zama a jirgin Kaduna kawai."

Ummakulsum ta daka yaji da citta, ta cika ƙaramar kwalba da zuma, ta ƙulle a tsumma.

A Kaduna maigadin gidan rediyon ya ce Malam Isyaku lafiyarsa lau, an tura shi ƙauyuka ne ya ɗauko muryar manoma, sai nan da kwana tara. Malam ya sauka wurin wani mutumin Kano, kullum da safe ya zo ya zauna gindin mangwaron da ke bakin ƙofa, ƙullin a cinyarsa. Duk motar da ta tsaya sai ya miƙe.

A rana ta goma Isyaku ya diro daga bayan wata mota, ya yi baƙi, ya rame kuwa. Da ya gane mai zaman, sai ya cire takalmi ya durƙusa a ƙasa.

"Murar ta sake ka?" in ji Malam.

"Ta sake ni, Baba."

"Ungo, innarka ta ce ka sha da kunu."

Kwana biyu suka yi tare, ba wanda ya ta da zancen gyaɗa. Malam ya koma Fagge ya bar dillanci, ya kama sayar wa ƙungiyoyin manoma buhuna da igiya. Isyaku ya so a dawo da shi Kano, ya nema sau uku, ba a yarda ba. Sai da Sallah yake zuwa, kwana uku-uku. Ummakulsum takan fara share ɗakinsa tun azumi bai raba ba.