Juma'ar Ƙarshe ta Baba Maulud

Mun sauko hawa na biyu da Baba Maulud a kan kujerar roba sai ya ce mu sauke shi ya huta. Ni na riƙe baya, ɗansa Shakir ya riƙe gaba. Mu ne muka yi dakon, amma shi ke haki.

Matarsa Inna Zuhura ta leƙo daga sama tana cewa likita ya hana shi shiga rana, kuma ranar Laraba jirginsu zai tashi zuwa gida, me zai je yi a filin ƙwallo? Bai ɗaga kai ba, sai ya ce mini:

"Abdou, ɗauki mu tafi. La'asar ba ta jiran kowa."

Shekara tara ina maƙwabtaka da Baba Maulud a unguwar Manfuha ta Riyad, ƙofa na kallon ƙofa. Ni direba ne. Tarihinsa a guntu-guntu na ji shi, yawanci a bakin baƙala, kantin kayan masarufin da ke ƙasan gidanmu. A Gusau ya tashi, lokacin da ma'aikatan jirgin ƙasa ke buga ƙwallo a bayan tasha, iyaye kuma suna ganin abin shashanci ne. Ya sha bulala a kanta. Ya buga wa garinsu ba takalmi har gwiwarsa ta goce, sai aka ba shi sakataren ƙungiya, yana yawo a keke yana roƙon shugabannin makarantu su ba da fili. Daga baya ya zama alƙalin wasa. Wani kamfanin gini ne ya kawo shi Riyad a matsayin mai kula da sito. Da ya ga ma'aikatanmu ba su da abin yi ran Juma'a sai kwanciya, ya tara su a wani fegi a unguwar Utaiqa, ya kafa sanduna, ya rubuta dokoki a takarda. Gasar nan tana nan har yau.

Yanzu ƙoda ta ci shi. Shakir ya gama masa takardun fita, ya ce gara ya ƙarasa cikin danginsa. Tsohon ya yarda, da sharaɗin sai ya ga wasan ƙarshe tsakanin direbobi da magina.

Muka ajiye shi a inuwar motata. Alƙalin ranar Issoufou ne, mutumin Damagaram, mai aikin fenti, wanda Baba ya koya wa alƙalanci da kansa. Saura minti biyar a tashi, ana kunnen doki, magina suka jefa ƙwallo a raga. Direbobi suka ce satar gida ce. Aka yi cirko-cirko, wani ya cire riga, kyaftin ɗinmu ya rantse in aka ba da ƙwallon nan sun bar gasar ke nan. Issoufou ya nufo mu, mutum sama da ashirin na biye da shi. Ya durƙusa.

"Baba, kai ka gani. Me za a yi?"

"Ni ɗan kallo ne yau," in ji shi. "Usur yana wuyanka. Koma ka yanke, abin da ka yanke shi ne."

Issoufou ya daɗe a durƙushe. Sannan ya miƙe, ya koma, ya nuna tsakiyar fili. Ƙwallo ta ci. Direbobi suka yi ta gunaguni, amma da suka waiwayo suka ga tsohon yana kallonsu, kowa ya koma gurbinsa.

A hanyar gida muka wuce kasuwar kayan lambu. Can Baba ya ce, "Satar gida ce. Da taku guda."

Na ce to me ya hana shi faɗa.

"In na faɗa, Juma'a mai zuwa wa za su tambaya? Kada ka gaya wa Issoufou."

Ban gaya masa ba.

Ranar Litinin bayan azahar Inna Zuhura ta ƙwanƙwasa mini ƙofa. Ba kuka take ba. Ta ce in zo in duba Malam, ta kai masa kunu bai amsa ba. Na same shi a kishingiɗe, fuska ga taga, na'urar sanyaya ɗaki na ta ƙara. Na rufe masa ido, na kira Shakir a wurin aiki.

Takardu suka ɗauki kwana biyu, don haka ranar Larabar aka yi masa sallah. Direbobi da magina sun zo da kayan aiki a jikinsu, wasu ba su ko nemi izinin kafili, wato ubangidansu, ba. Kaburburan nan ba a rubuta suna, dutse kawai ake kafawa, duk iri ɗaya.

Da mutane suka watse na tsaya jiran Shakir a bakin ƙofar maƙabarta. Daga nan na hango Issoufou shi kaɗai. Ya je ya jingina bayansa da katanga, sannan ya fara takowa zuwa sabon kabarin, taku manya-manya daidai wa daida, leɓɓansa na motsi yana ƙirgawa.