Bishiya ta Sha Biyar

Tun Grand-Popo tana da otal biyu kacal Amusu yake hawan kwakwa. A lokacin sai ta ƙosa ake sauko da ita, matarsa Dosi ta fasa ta yi mai. Yanzu otal ya yi yawa a bakin teku, ga wasu ana ta zuba musu siminti, aikinsa kuwa ya koma kaɗe kwakwa tun tana ɗanya don kada ta faɗo wa baƙo a ka.

Ranar nan a wani otal ya gama bishiya goma sha huɗu kafin hantsi. Yana zaune a yashi yana kwance igiyar hawa daga ƙafarsa sai ga Ayaba, manajar otal ɗin, 'yar amininsa marigayi, wadda take kiransa Fofo, wato baba.

"Fofo, sannu da aiki. Don Allah ka taimake ni da guda ɗaya."

"Na kaɗe su duka, 'yar nan."

"Na sani. Baƙin ne ba su tashi da wuri ba, suna so su ɗauki hoto."

"To su hau, ni in ɗauke su."

Ta yi dariya, amma ba ta tafi ba. Ya dubi idonta, ya ga ita ma a gajiye take. Ya mayar da igiyar ƙafarsa.

Doguwar ta bakin ruwa suka nuna. Ya wuce rabi ke nan cinyarsa ta dama ta riƙe, jijiyar ta murɗe kamar ana matse wanki. Ba hawa, ba sauka. Ya rungume bishiyar, ya kifa goshi a jikinta. Can ƙasa aka ɗauka wasa ne, aka shiga tafi. Wata mai faffaɗar hula tana ɗaga masa hannu wai ya juyo.

Ya daɗe a haka, gumi na shiga masa ido. Da ƙafar ta ɗan saki sai ya sulalo, ɓawon bishiyar yana goge masa ƙirji har ƙasa.

Ayaba ce kaɗai ta lura da jinin. Ta ja shi bayan kicin, ta zaunar da shi a kan akwatin lemo, ta kawo ruwan ɗumi.

"Me ya hana ka yi kira?"

"In kira wa? Ke za ki hau?"

Ta matse tsumma, ta goge masa ƙirji. Can ta ce, "Mai otal ya daɗe yana cewa a sare dogayen, a dasa gajeru. Ni nake ta ja masa rai saboda kai."

"Ni da ubanki muka dasa su."

"Na sani, Fofo."

"Ki ce masa ya sare. Amma ba ranar da nake nan ba."

A gida Dosi ta shafa masa man kaɗanya tana faɗa.

"Tsoho da kai, ka zama biri a gaban yovo, Turawan nan! Gobe ba inda za ka."

"Masu sabon otal na bayan coci suna jira na."

"Su jira."

Ta ajiye masa agidi da soyayyen kifi. Ya ci loma uku, barci ya kwashe shi a zaune, hannunsa a cikin kwano. Ta zare kwanon a hankali, ta ɗauke igiyar daga bakin ƙofa ta cusa a ƙarƙashin buhun gawayi.