Gonakin Da Aka Shafa Wa Ja

Tun ba a gama share ofishin tsara filaye ba Gwaggo ta iso, da mutum shida a bayanta. Kowa Gwaggo yake ce mata, har waɗanda suka girme ta, kuma duk wanda akuyarsa ta taɓa shiga gonarta ya san kaifin bakinta.

Abin da ya kawo su ba ƙarami ba ne. Gari yana ta cinye gonaki, shi ne hukuma ta zana taswira. Inda aka shafa kore, gona ce, ba mai aza bulo a kai. Inda aka shafa ja, nan za a yanka fuloti, a sallami masu wurin, su tashi. Gonakin bayan rafi duk sun fito kore. Sai zirin nan na bakin hanya, gonaki bakwai a jere, har da tata da ta ƙanin marigayi mijinta, aka shafe su ja wur.

Ta daki teburin akawu har kofin shayinsa ya yi tsalle.

"Ina makahon da ya yi wannan zanen?"

"Mama, a zauna tukuna."

"Ban zo zama ba, ina da kujera a gidana. Shekara arba'in ina cire dawa a wurin nan. Wanda ya ce ba gona ba ce ya fito ya faɗa mini ido da ido."

Ƙanin mijin nata, mutum ne mai sanyi, ya ce, "Matar yaya, a bi a hankali."

"Hankalin naka ne ya sa kullum ake taka ka. Yi mini shiru."

Aka kira mai awon filaye, wanda ya yi zanen. Ya fito da fayil a hammata, mutum mai furfura kaɗan a gemu. Ya dube ta, ya sake dubanta, sai ya ce wa sauran, "Ko za ku ɗan jira a waje? Ina so in yi magana da Mama ita kaɗai."

"Ba inda za su," in ji Gwaggo. "Ni ba a yi mini raɗa. Abin da ka yi a ɓoye, a gabansu za ka faɗa."

Ya buɗe fayil ɗin.

"Bara da rani na je wurin. Ba shuka a ko'ina, ta tsakiyar kuma ciyawa ta kai ƙugu. Ba na rubuta abu sai na tambayi mutanen wuri. Na tarar da wata dattijuwa tana yankar ciyawa, na tambaye ta yaya ƙasar nan take. Ga abin da ta ce." Ya bi layin da yatsa. "Ƙasar ta mutu. Tsakuwa ce zalla daga nan har kwanar hanya. Shekara goma ba wanda ya cire ko zangarniya ɗaya. Masu ita ma sun watsar."

Fanka tana ta juyawa a sama, amma Gwaggo ta ji gumi yana bin bayanta. Ta dubi takalminsa. Baƙi ne, mai sheƙi. Shi ta tuna kafin fuskar.

A wajensu haka ake yi. In baƙo mai tsabtataccen takalmi ya tsaya yana tambayar ƙasa, dillali ne, kuma ba a yabon gona a gaban dillali. Sai ka kushe ta, ka ce ba ta haifar komai, ya kama gabansa. A wurin mijinta ta koya. A waccan shekarar ta bar tata gonar ta huta, shi ya sa ciyawa ta rufe ta, ƙaryar kuwa ta zauna daram. Da yamma ma har ta zauna a ƙofar gida tana ba da labarin yadda ta kori wani ɓarawon fili, aka yi ta dariya.

Wata maƙwabciyarta mai kiwon kaji ta dafe ƙirji. "Gwaggo! Ba shi ne dillalin nan naki ba?"

Akawu ya duƙufa yana goge shayin da ya zube.

"Me ya hana ka ce daga hukuma kake?" Muryar Gwaggo ta fito ƙasa-ƙasa, kamar ba tata ba.

"Na faɗa, Mama. Kika ce duk haka muke cewa."

Ta so ƙasa ta tsage. Ita da ta bi gida-gida tana tara mutane, tana rantsuwa sai ta ga bayan wanda ya cuce su.

Mai awo ya rufe fayil. "Jibi kwamiti zai zauna sauraren ƙorafi. Maganata ba za ta goge wannan ba, don ni abin da aka faɗa mini na rubuta. Sai wadda ta faɗa ta tsaya ta janye da bakinta."

Ran jibin zauren ya cika, har da masu leƙe ta taga. Gwaggo ba ta taɓa jin benci ya yi mata tauri haka ba. Aka kira ta, ta miƙe. Shugabar kwamitin, mace ce sa'ar 'yarta, ta ce, "Mama, me kike so ki gaya mana?"

"Ƙarya na yi," in ji Gwaggo. "Ku rubuta haka, kada ku gyara mini. Ƙasar nan lafiyarta ƙalau. Na ɗauka mai saye ne, na kushe ta don ya tafi. Mutum shidan nan ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. In hukunci ne, ga ni."

Wani a baya ya ƙyalƙyale da dariya, wasu suka taya shi. A da, da ta juya ta wanke shi tas. Ranar nan tawadar da aka shafa mata a babban yatsa kawai take kallo, har ta dangwala.

Aka tura mutane suka tona ƙasar, suka ga rumbunan masu gonakin. Bayan mako uku takarda ta fito. Gonaki shida sun koma kore. Ta bakwai, wadda ke kan kwana, an riga an ba da ita don tashar mota, an kafa turakun siminti, ba ta dawowa. Ta ƙanin mijinta ce.

Da ya zage ta da ta samu sauƙi. Bai yi ba. Ya ci gaba da gaishe ta kullum safe, "Matar yaya, an tashi lafiya?" Gaisuwar nan ta fi mari zafi.

Da ruwan farko ya sauka ta ɗauki fartanya ta tafi gona. Ta auna ta da taku daga bakin hanya zuwa rafi, ta dawo rabi, ta fara jera duwatsu a gicciye. Rana ta take kafin ya zo, wani ya kai masa labari. Ya tsaya yana kallonta tana ciccibar dutse, numfashinta na fita da ƙyar.

"Matar yaya, me ke nan?"

"Daga nan zuwa can naka ne. Wajen rafin, ya fi laima."

"Rabin ba zai ishe ki ba. Ni ma ba zai ishe ni ba."

"Na sani. Ina da ido."

Ba ta ɗago ta dube shi ba, ba za ta iya ba. Can sai ya naɗe hannun rigarsa, ya ɗauki dutsen da ta kasa ɗagawa, ya tambaye ta inda za a ajiye.