Ƙashi Ba Abinci Ba Ne

Tun da Kwalli ya fara susa hankalina bai kwanta ba. Kwalli karen Auta ne, 'yata ta ƙarshe. Yarinyar tana da i'ina, a makaranta ba ta buɗe baki don yara na kwaikwayonta. Amma in ta zauna da karen nan a gindin matakala, sai ka ji magana na zuba sumul, ba ko gargada.

Da farko jajayen ƙuraje ne a cikinsa. Sai gashi ya fara zubewa, bayansa ya yi faci-faci kamar tsohuwar darduma, yana ta cizon ƙafafunsa har su yi jini. Mai gidan da muke haya ya tare ni a ƙofa.

"Malam, ƙazuwa ce wannan, kuma akwai yara a gidan nan. In wata ya ƙare bai warke ba, ko shi ko ku."

Na rufe shagon waldata na kai shi wurin likitar dabbobi. Ta kankari fatar ta duba, ta taje gashin ko za ta ga ƙuma, ba ta ga komai ba.

Ta ce, "Ba ƙazuwa ba ce, ba ya shafar kowa. Jikinsa ne ke ƙin wani abu. Yana iya zama ƙura, ko sabulu, ko cizon ƙwaro. Ni dai na fi zargin abin da yake ci."

"To, wanne a ciki, likita?"

"Shi ne za mu nemo." Ta ba ni maganin ƙaiƙayi da buhun wani abinci na musamman. "Wannan kaɗai zai ci, sai ruwa, na tsawon makonni. In fatar ta lafa, sai mu riƙa mayar da sauran ɗaya-ɗaya har mu kama mai laifin. Kada a ba shi wani abinci."

Na tara mutanen gida, matata da mahaifiyata Inna da Auta, na maimaita musu kamar yadda aka faɗa min. Kowa ya ce to.

Kwanaki suka yi ta tafiya, babu sauyi. Na canza sabulu, na jefar da tsumman da yake kwana a kai, na wanke tsakar gida har gwiwata ta yi ciwo. Kullum kafin in fita sai na juya shi na duba cikinsa. Ja wur, kamar jiya.

Wata rana da azahar na dawo ɗaukar awon ƙofa da na manta, sai na tarar da Inna a tsugune tana tsiyaya masa madara a murfin tukunya.

"Inna, me nake gani haka?"

"Madara ce."

"Ba na ce kada a ba shi komai ba?"

"Abinci ka ce. Ka taɓa ganin wanda ya ci madara? Sha ake yi."

Matata ta leƙo daga kicin tana dariya. Na ce, "Ke ma dariya kike?"

"Ni dai ban ba shi abinci ba, Baban Auta. Ƙashin kaza ne kawai, in mun gama."

"Ƙashi ba abinci ba ne?"

"To, bari in zuba maka shi a faranti anjima, mu gani ko za ka ce ka ci abinci."

Na juya wurin Auta. Ta sunkuyar da kai. "B-biskit ne, Baba. Ra-rabi."

Babu wadda ta yi min ƙarya a cikinsu, shi ne abin da ya fi ƙona min rai. Ban san wa zan yi wa faɗa ba.

Na kira likitar na faɗa mata. Ta ce sai dai a koma farko. Na je wurin mai gidan haya na ce masa likita ta tabbatar ba ya shafar mutum, na roƙe shi ya ƙara mana lokaci.

Ya ce, "Likitar ce ke zaune a gidan nan? Ni abin da idona ya gani na sani."

Ba mu da inda za mu koma. Na ƙera keji da ragowar ƙarafa a bayan shagona, na ɗauke Kwalli na mayar da shi can. Auta ta biyo ni har bakin titi tana son ta ce wani abu, kalmar ta maƙale, sai bakinta ke rawa. Na kasa jira ta fito da ita.

Yanzu in an tashi makaranta shagon take zuwa da jakarta. Ƙarar injin walda ba ta barin a ji komai, don haka in ta iso sai in kashe shi, waɗanda suka kawo aiki suna tsaye suna min tsaki. Ina jin ta ta bayan langa-langa tana ba shi labarin ajinsu, shi kuwa yana ta susa. Kafin ta shiga nakan laluba aljihunta da jakarta, tana kallona kamar wani baƙo.

Jiya da za ta tafi ta tsaya a ƙofa.

"Baba, y-yaushe zai dawo gida?"

Na ce, "Sai gashin ya fito."

"Yaushe z-zai fito?"

Na ja gilashin walda na rufe fuskata.