Ragin Iska da Azahar

Ƙi-Mutu ake ce mini. Ba ni na raɗa wa kaina ba, direbobin manyan motoci ne suka raɗa mini ranar da aka zaro ni daga ƙarƙashin tirela ina tambayar inda hulata take. Ban taɓa zama a aji ba. Amma ka tayar da mota a bayan katanga, zan gaya maka ciwonta kafin bakanike ya gama neman sufana. Na ja gingimari, na ja tankar mai, daga baya na zauna da marigayi maigidana, na tuƙa shi har ranar da na tuƙa gawarsa. Da ya rasu sai na koma hannun autarsa, wadda ni na riƙa kai ta makaranta tana barci a kujerar baya da takalmi ɗaya. Yanzu ita ce babba a kamfaninsu. A gaban mutane in ce mata ranki ya daɗe, in mu biyu ne in ce Auta.

Bara ta sayi wata mota, gajera, cikinta kamar zai shafi ƙasa, tayoyinta faffaɗa amma sirara kamar an naɗa wa ƙarfe ƙyalle. Makullin ma ba makulli ba ne, wani ɗan abu ne kamar akwatin ashana, ka sa a aljihu ka danna maɓalli. Kusa da giya akwai wani abin murɗawa. In ka murɗa hagu allon gaban mota ya yi kore, wai na tattalin mai. Tsakiya fari, na yau da kullum. Dama kuwa ja, na tsere.

"Baba, a kore za ka riƙa barinta," in ji Auta. "Cikin gari muke, ba gasa muke ba."

Na ce to. Ranar farko muka tsaya a danja, sai na ji injin ya ɗauke ɗif. Mota ta mutu a hannuna, ni! Wani mai babur ya leƙo ta taga yana dariya.

"Tsoho, a tura maka ne?"

Auta ta ce daga kujerar baya, ba ta ko ɗago daga wayarta ba, "Haka take yi, in ka saki birki za ta tashi."

Ta tashi ɗin. Amma a kore, in ka taka totur sai ta tsaya tunani kamar malalacin ɗa an aike shi. Motar da ke tunani kafin ta amsa ita ke kashe mutum in ya zo wuce babbar mota. Na san wannan tun kafin a haifi wanda ya ƙera ta. Da na murɗa ja kuwa, sai na ji ta farka, tana gurnani a ƙarƙashina, ba ta mutuwa a danja, kafin in gama nufin wucewa ta wuce. Daga ranar, muna fita ƙofa in murɗa ja, muna dawowa in mayar mata da korenta. Auta na baya tana waya, ba ta san ana yi ba.

Sai maganar taya. Wancan karon da aka zaro ni daga ƙarƙashin tirela, tayar gaba ce ta fashe da rana tsaka, kwalta na tafasa. Abokin tuƙina yana gefena yana ɓare gyaɗa. Shi ba a zaro shi da rai ba. Tun daga nan na riƙe abin da tsofaffin direbobi suka koya mini: in rana ta take, iska na kumbura a taya, sai ka rage mata kafin ta rage ka. Kullum da azahar, a filin ajiye motoci na ofis, in fito da ƙusata daga aljihu, in durƙusa, in danna bawul ɗin kowace taya har sai na ji sautin ya yi mini. In buga ta da ƙarfen jak, in saurara. Ba na bukatar geji, kunnena ya fi geji. In sun yi laushi da yawa, in biya wajen mai facin da ke tsallaken ofis ya ɗan ƙara mini, ni ke ce masa ya isa.

Mai facin nan mutumina ne, tare muke shan shayi. Ya sha ce mini, "Baba, wannan ba tirela ba ce. Ga adadin iskarta nan a manne a jikin ƙofa. Da safe ake aunawa tana sanyi, kuma in ta yi zafi ba a taɓawa."

"Kai da ka zo duniya jiya? Zuba, in na ce tsaya ka tsaya."

Wata 'yar fitila mai ruwan ƙwai ta riƙa kamawa a allon, tana damuna da ƙyafta ido. Na yanki baƙin salatif na manne ta, aka zauna lafiya.

Abin da ban lura da shi ba shi ne mai. Ni ba na damuwa da allurar mai, in ta yi ƙasa in shiga gidan mai, haka na saba. Mijin Auta ne ya lura. Mutum ne mai ƙididdiga, ko gishirin gidansa ya san inda ya kwana. Wata safiya ina goge gilashi ya fito da kofin shayi ya tsaya a kaina.

"Baba direba, motar nan rami gare ta a ciki?"

"Wane irin rami, ranka ya daɗe?"

"Wanda mai ke bi. Abokina na da irinta sak, tankinsa na kai shi ninkin naku. Gida zuwa ofis ne fa, ba wata ƙasa kuke zuwa ba."

Na gane inda ya dosa. Marigayi ya sha barin jakarsa a mota ya kwana, ban taɓa buɗe zif ɗinta ba. Auta ta fito ta ce masa ya bari, Baba ba haka yake ba. Amma da muka hau hanya ba ta ɗauki waya ba, kuma na ga idonta a madubi yana kaina. A wannan gidan na tsufa. In aka karɓe makullin nan da sunan sata, ba ni da fuskar da zan kai ko'ina, kuma ba mai ba tsoho irina wata motar.

Ranar da abin ya fashe, ina durƙushe a tayar baya, ta ɓangaren murfin tanki, na ba ofis baya. Sai na ji takalma. Mijin ne, da Auta a bayansa, da maigadi. Ashe mijin ya zo tun ɗazu ya laɓe a motarsa.

"Ina jarkar?" ya ce. "Ina tiyon?"

Ban tashi ba. Na bar ƙusata a kan bawul, iska na fita tsiii, don ya ji da kunnensa. Ya buɗe but, ya ɗaga darduma, ya leƙa ƙarƙashin kujeru. Babu komai sai buta da tsumman goge gilashi.

"Me kake yi, Baba?" in ji Auta.

"Abin da ya sa kike raye nake yi." Na miƙe, na yi musu bayani tiryan-tiryan, har da labarin abokina. Na zaci mijin zai sunkuyar da kai ya ba ni haƙuri. Sai ya aika maigadi ya kira mai faci.

Mai faci ya zo da gejinsa yana kauce wa idona. Ya auna duka huɗun. Ya juya sitiyari tayar gaba ta fito, ya shafa gefenta, ya kama hannun Auta ya ce ta taɓa. Gefe da gefe sun cinye sumul, tsakiya na nan da zanenta.

"Hajiya, ƙarancin iska ne. Taya in ta yi laushi sai ta kwanta a kwalta, injin ya riƙa janta da ƙarfi, ya sha mai. Kuma ita ta fi yin zafi, ita ta fi saurin fashewa. Duka huɗun nan sai an sauya." Ya juyo gare ni a hankali. "Baba, ai na gaya maka."

"Ka gaya mini me? Kai ka taɓa kwana a ƙarƙashin tirela?"

Auta ta shiga mazaunin direba, ta danna maɓalli. Na manta ban mayar da ita kore ba. Allon ya kama ja wur, motar ta yi gurnani har maigadi ya ja baya. Ta sa farce ta ɓanɓare salatif ɗin, fitilar gargaɗin iskar taya ta fito tana ƙyaftawa. Ta daɗe tana kallon ɗan baƙin abin a yatsanta.

Mijin ya ce, "To, ba ɓarawo ba ne. Da ɓarawon ne ma da sauƙi." Ya tafi abinsa.

Ta ce in same ta a ofis. Ban taɓa hawa benen nan ba sai ranar. Ta rufe ƙofa, ta ba ni kujera, ta zuba mini ruwa da hannunta.

"Baba, ka yafe mana zargin da aka yi maka. Na rantse ban so ba. Makullin naka ne, ba mai karɓa. Abu biyu kawai za ka yi mini alkawari. Na farko, a kore za ta zauna."

Na tuna mai babur. Na ce, "Na yarda. Ta mutu a danja, su yi dariya, ba komai."

"Na biyu, ba za ka sake taɓa iskar taya ba. Mai faci zai auna da safe, shi ke nan."

"Wannan kam a'a."

"Baba!"

"Auta, ki sa ni wanke ta da harshena, zan yi. Amma in ɗauke ki da azahar a kan taya mai tauri kamar dutse, ina ji ina gani? Me zan ce wa mahaifinki?"

"Amma ka ji abin da aka ce. Yadda kake yi ɗin ne zai kashe mu!"

"An ce. Su a takarda suka gani. Ni a jikina na gani." Na ɗaga rigata na nuna mata ɗinkin da ya ratsa haƙarƙarina.

Ta kawar da kai. Ta ce in yi wa Allah in ce to, ko da baki ne. Na san abin da take nufi, in faɗa ta kai wa mijinta, a wuce wurin. Amma na san hannuna. Rana na takewa zai tafi aljihu da kansa. Kuma ban taɓa yi wa gidan nan alkawarin ƙarya ba.

Na ciro makullin na ajiye a kan teburinta. Na jira ta turo mini shi. Ta sa hannu biyu ta rufe fuskarta, ba ta turo ba. Na sauko benen.

Matata ta ce girman kai ne zai kai ni kabari. Na ce mata za su zo da kansu, kwana kaɗan ne. Na riƙa ajiye waya kusa da kunnena har in na shiga wanka. Sun aiko da buhun shinkafa da gaisuwa. Ba su zo ba.

Da zaman ya ishe ni na tafi tasha. Shugaban direbobin wurin ni na koya masa riƙe sitiyari, yana yaron motata. Ya tashi ya ba ni kujerarsa, ya sa aka kawo mini lemo, ya yi ta kirana da maigida. Da na ce mota nake so, ko bas ce, ko ta kaya, sai ya shiga susar ƙeya. Wai masu motocin ne ba sa yarda, wai shekaru, wai ido. Idon da nake hango rami da shi tun kafin fitila ta kai! A ƙarshe ya ce in ina so in riƙa tsayawa a bakin ƙofa ina kira wa yaransa fasinja.

Can nake yanzu. Kuma ka tambayi kowa, ba wanda ya kai ni cika mota, duk da muryar ta fara dushewa, gwiwoyin kuma ba sa son tsayuwa. In mota ta cika, direban ya miƙo mini abin da ya ga dama ta taga, wani ko kallona ba ya yi. Da yamma in shiga bas ta unguwarmu, in nemi kujerar can baya, in rufe ido don kada in ga yadda yaron ke tuƙi.